Tashin Fata Bayan Daina Shafa Man Sitiroyid, da Matsayin Ruwan 'Ya'yan Itace na Gida

A kasuwannin yankin Madarunfa, daga Ɗan Isa da ke bakin iyaka har zuwa Gabi da Safo, da wuya ku rasa mai tebur ko mai yawo da faranti da ke sayar da 'yan ƙananan bututun man shafawa. Wasu daga Maraɗi ake saro su, wasu kuma daga tsallaken iyaka ta hanyar Jibiya. Ana sayensu domin ƙaiƙayi, ko ƙyasfi, ko ƙurajen fuska, ko kuwa domin a yi haske kafin biki. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, wanda malaman asibitin Nijar suka fi sani da sunan kortikoyid. Wannan bayani naku ne idan kun daɗe kuna shafa irin wannan mai, kuka daina, sai fata ta tashi da raɗaɗi da saɓa fiye da yadda take kafin ku fara. Naku ne kuma idan kuna da 'ya, ko ƙanwa, ko matar aure da ke cikin wannan hali, kuma an ce muku a dinga matse mata 'ya'yan itace domin a wanke jininta.

Mene ne man sitiroyid?

Jikin ɗan Adam da kansa yana sarrafa wani sinadari mai suna kortizol, daga wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a bisa ƙoda. Aikinsa ya haɗa da kwantar da kumburi da daidaita hawan jini da sukarin jiki. Sitiroyid kwaikwayon wannan sinadari ne. A shekarar 1952 wasu likitoci biyu na Amurka, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa shafa hydrocortisone yana kwantar da ciwon fata, kuma tun daga lokacin wannan dangin magani ya zama babban makamin likitocin fata a duniya. Magani ne na gaskiya, mai amfani, idan an san cutar da ake magancewa, an zaɓi ƙarfin da ya dace, an kuma ƙayyade kwanakin shafawa.

Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Hydrocortisone shi ne mai sauƙi. Betamethasone ya fi shi ƙarfi ƙwarai. Clobetasol kuwa, wanda ake sayarwa da sunan Dermovate da wasu sunaye, ya ninka hydrocortisone ƙarfi sau ɗaruruwa, kuma likita ba ya barin a shafa shi a fuska sai da babban dalili, na 'yan kwanaki. Ku juya bututun da ke hannunku ku duba ƙananan rubutun da ke bayansa, ko ku ba wani ɗan makaranta ya karanta muku. Idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ko wani suna da ya ƙare da "sone" ko "solone" ko "onide", to akwai sitiroyid a ciki. Haka kuma man nan mai haɗi uku irin su Funbact-A, wanda iyaye mata kan shafa wa jarirai, yana da betamethasone tare da maganin makero da na ƙwayoyin cuta. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne man da masu haɗi ke damawa a roba ba tare da wata takarda ba. Shi wannan babu yadda za ku san abin da ke cikinsa, amma idan ya sa fata ta yi haske cikin mako biyu ko uku, ku ɗauka akwai sitiroyid har sai an tabbatar muku da akasin haka.

Matsalar ba ta Madarunfa kaɗai ba ce. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, a Togo kashi 59, a Senegal 27, a Mali 25. A wani bincike da likita Antoine Mahé da abokan aikinsa suka buga a 2003, sun duba mata 368 da suka je wata cibiyar ciwon fata a Dakar, suka tarar fiye da rabinsu suna bilicin, kuma bakwai cikin kowace goma na masu yi suna shafa sitiroyid. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa a 2023. Duk da haka kayan ba su bar kasuwa ba.

Dalilin da ya sa fata ke tashi

Man sitiroyid yana matse ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, yana danne garkuwar da fata ke kare kanta da ita, yana rage baƙin launi, yana kuma sa fata ta yi siriri. Idan kwana goma aka yi ana shafawa, fata takan koma daidai ba tare da an lura ba. Idan watanni ne ko shekaru, kullum safe da dare, sai fata ta saba da zama a danne. Ranar da aka ɗauke abin da ya danne ta, jijiyoyin da aka daɗe ana matsewa sukan buɗe fiye da kima, kumburin da aka hana fitowa ya fito gaba ɗaya.

Alamomin sukan fara ne daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni bayan an daina. Wanda ya fi damun mutane shi ne raɗaɗi kamar na ƙuna ko na barkono, wanda sau da yawa ya fi ƙaiƙayi tsanani. Littattafan likitanci suna cewa fata takan yi ja, amma a jikin baƙar fata ba lallai ku ga ja ba: wurin yakan yi duhu, ko toka-toka, ya yi ɗumi idan an taɓa. Daga nan sai bushewa da saɓa, har ku tarar da ɓawon fata a bisa matashi da safe. Wasu fuskarsu takan kumbura, musamman fatar ido. Wasu sukan sami ƙananan ƙuraje masu ruwa ko mugunya a kewayen baki da hanci. Akwai masu tsattsafar da ruwa mai ɗan launin rawaya, akwai masu jin sanyi da rawar ɗari alhali ana zafi, kuma kusan kowa barcinsa yakan lalace. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2015, wanda ya tattara rahotannin da aka yi a baya, ya nuna cewa mafi yawan masu wannan matsala mata ne, kuma kusan dukansu a fuska suka shafa. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da aukuwar wannan hali a hukumance a 2021.

A nan ne tarkon yake. Mace ta daina, fuska ta ɓaci, ta koma ta shafa, kafin kwana biyu fuska ta yi sumul. Sai ta ce ashe man nan shi ne maganina. Maƙwabta ma su ce haka, mai tebur ya ƙara mata da wanda ya fi ƙarfi. Alhali man ne ya haddasa abin da yake kwantarwa, kuma kowane zagaye fata tana ƙara siriri, nankarwa tana ƙara faɗi a cinya da hamata, ƙananan jijiyoyi suna bayyana a kumatu. Nankarwar sitiroyid ba ta gogewa. Shi kuwa tashin fata, komai muninsa, yana wucewa, sai dai ba ya wucewa a miƙe. Yakan lafa na mako ɗaya ko biyu, ya sake tasowa, ya sake lafawa, kowane tashi ya fi na baya sauƙi. Wasu makonni kaɗan suke yi, da yawa watanni, wasu kuma da suka yi shekaru suna shafa mai ƙarfi sukan haura shekara. Sanin wannan tun farko shi ke hana mutum karaya a tashi na biyu.

Amma kada ku yanke wa kanku hukunci a gida, domin abubuwa uku ne suke kama da juna. Na farko shi ne wanda aka bayyana. Na biyu, ainihin cutar da ta sa aka fara shafawa ce ta dawo, kuma ita tana bukatar magani, mai yiwuwa ma sitiroyid ɗin ne a bisa ƙa'ida. Na uku, wata cuta ce man ya ɓoye: makero da ƙazuwa suna bunƙasa a ƙarƙashin sitiroyid, suna yaɗuwa ba tare da kamanninsu na asali ba, kuma su ne suka fi yawa a cikin matsalolin da aka gani a jikin matan Dakar. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma yara ko maigida su ma suna susa, ƙazuwa za a fara zargi, kuma gidan duka ake yi wa magani. Haƙuri da man kaɗanya ba za su kashe makero ba.

Kafin ku daina

Akwai gargaɗi guda da ya fi duk abin da ke cikin wannan bayani muhimmanci. Idan sitiroyid ɗin na sha ne ko na allura, kamar prednisolone ko dexamethasone, ko likita ne ya rubuta domin fuka ko ciwon gaɓoɓi, ko kuwa ƙwayoyin ƙiba ne da ake saye a tebur, kuma kun haura mako uku kuna sha, kada ku daina rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage sarrafa nasa kortizol saboda yana samu daga waje. Yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani, amai, jiri, faɗuwar hawan jini, suma, har ma da mutuwa. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan a hannun likita. Wannan haɗari yana iya shafar wanda ya daɗe yana shafa clobetasol a dukan jiki, domin maganin yana ratsa fata ya shiga jini, kuma ya fi saurin ratsa fatar jarirai.

Saboda haka mataki na farko shi ne zuwa asibiti, wato CSI mafi kusa da ku, ko asibitin gundumar Madarunfa, daga nan idan akwai bukata a tura ku Maraɗi. Ku tafi da dukan bututun da robobin da kuka yi amfani da su, har waɗanda suka ƙare. Ku faɗi gaskiyar watannin da kuka yi kuna shafawa da wuraren da kuka shafa. Mun san kunya takan sa mace ta ce wa malamin asibiti man gyaɗa kaɗai take shafawa, amma shi ya riga ya ga gaɓoɓin yatsunta sun fi bayan hannunta duhu, kuma ɓoyewar ba ta ƙara komai sai ɓata lokaci. Ku nemi a auna hawan jini da sukari, domin sitiroyid yana ɗaga su duka biyu. Idan kun shafa kusa da ido na dogon lokaci, a duba idon, saboda yanar ido da hawan jinin ido. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun kafin a rubuta musu komai.

Likita zai iya zaɓar a daina gaba ɗaya, ko a sauka mataki-mataki: daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, daga kullum zuwa bayan kwana ɗaya, zuwa sau biyu a mako. Likitoci ba su haɗu a kan wadda ta fi ba, ya danganta da faɗin wurin da daɗewar shafawa. Idan an ba ku na ragewa, ma'aunin shi ne ɗan yatsa: man da aka matso daga kan yatsan nuni zuwa gaɓar farko, kimanin rabin giram, ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babba.

Kula da fata a gida

Abin da fata ke so a wannan lokaci kaɗan ne, kuma mai araha. Ku yi wanka da ruwan da ba zafi ba sanyi, a taƙaice, ba tare da soso ba. Sabulun kanti mai ƙamshi, da sabulun da aka ce na kashe ƙwayoyin cuta ne, da sabulun salo mai kaifi, duk ku jingine su, ku bar sabulu mai laushi domin hamata da matse-matsi. Bayan wanka a dafa tawul a jiki, ba a gurzawa, sannan a shafa mai tun fata tana da danshi. Man kaɗanya tsantsa wanda ba a haɗa shi da turare ba, ko Vaseline fari, sun wadatar. Ku fara gwadawa a ɗan wuri ƙarami, domin akwai kwanakin da fata ba ta karɓar komai, ko mai ma zafi yake mata. A irin waɗannan kwanaki, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa wanda aka riga aka tafasa ya huce, a ɗora minti goma, ya fi komai kwantar da raɗaɗi. Ruwan alwala sau biyar a rana yana busar da fuska, don haka ku ajiye ɗan mai kusa da buta.

Yanayin ƙasarmu yana da nasa hukunci. Da hunturu, iska da ƙura suna tsaga fatar da ta riga ta yi siriri, sai a ƙara yawan shafa mai, a rufe fuska idan za a fita. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi ne ke cizo, sai a rage kaurin man, a sa tufafin auduga masu yalwa, a guji na leda. Rana kuwa a kowane lokaci abar gudu ce ga fatar da aka cire wa launinta: mayafi, malafa ko lema, da ɗage aikin gona ko na lambu zuwa sanyin safiya idan da hali. Ku yanke farce, na yara musamman. Paracetamol yana rage zogi, kuma malamin asibiti zai iya ba ku maganin ƙaiƙayi mai sa barci. Idan ƙuraje masu mugunya sun yi yawa akwai ƙwayoyin da ake rubutawa na wasu makonni, amma wasunsu ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, shi ya sa ba a sayensu da ka.

Kada ku shafa lemun tsami, ko tafarnuwa, ko kanwa, ko toka, ko man goge baki. Lemun tsami musamman, idan ya haɗu da rana a bisa fata, yana ƙona ta ya bar baƙin tabo na watanni. Dilka da halawa da kurkur su jira sai fata ta warke sarai, ko da biki ya matso.

Launi zai dawo, kuma da farko yakan dawo da duhu fiye da na asali, dabbare-dabbare, kafin ya daidaita. Wannan ne lokacin da maganganun mutane suka fi ciwo, kuma lokacin da mata da yawa ke komawa. Idan ku ne miji, ko uwa, ko yaya, ku sani cewa kalma ɗaya ta zolaya a kan fuskarta tana iya rushe haƙurin wata uku. Wanda abin ya hana shi barci da shiga mutane har ya fara jin rayuwa ta ishe shi, ya faɗa wa malamin asibiti kamar yadda zai faɗi raɗaɗin fata.

Ku koma asibiti a ranar, ba gobe ba, idan zazzaɓi ya zo tare da tashin fata, ko mugunya da ɓawo mai launin zuma suna yaɗuwa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun fito da yawa suna zogi, ko ido ya kumbura gani ya ragu, ko kusan dukan jiki ya saɓe, ko kuma an sami amai da jiri da kasalar da ta hana tashi.

Ruwan 'ya'yan itace: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Ta wayar salula da bakin mutane, magana ta yaɗu cewa wanda ya daina sitiroyid ya dinga shan matsattsen karas da zogale da citta, wasu har suna cewa ya bar abinci na kwanaki ya zauna a kan ruwan kaɗai, domin dafin ya fita daga jini. Babu wani binciken likitanci da ya nuna cewa wani ruwan 'ya'yan itace yana warkar da wannan hali ko yana gajarta shi. Shi maganin kansa hanta da ƙoda sun riga sun fitar da shi cikin 'yan kwanaki bayan an daina. Abin da ya saura fata ce ke sake gina kanta, kuma babu abin sha da zai wanke wannan. Mutane da yawa sukan ce sun ga sauƙi bayan sun fara sha, amma ku tuna cewa ciwon da kansa yake lafawa ya taso, don haka duk abin da aka fara a ranar tsanani zai samu yabon sauƙin da ya biyo baya.

Wannan bai sa 'ya'yan itace su zama banza ba. Fata tana bukatar bitamin C domin ta ɗinke, da bitamin A domin sabunta samanta, kuma wanda jikinsa ke tsattsafa yana asarar ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye kowace rana, abin da kaɗan daga cikinmu ke kaiwa. Yankin Madarunfa kuwa Allah ya hore masa: lambunan Jiratawa sun shahara da zogale, fadamun Gulbin Maraɗi suna ba da mangwaro da gwaba da lemu, noman rani yana kawo karas da tumatir da kankana, ga 'ya'yan kuka da tsamiya da zoɓo da ake ajiyewa duk shekara. Gwaba ta ninka lemun zaƙi bitamin C kusan sau huɗu, garin 'ya'yan kuka ma yana da shi da yawa, mangwaro da karas da ganyen zogale kuma suna ba da bitamin A. Ba ku bukatar komai daga kanti.

Sai dai cin ɗan itacen ya fi shan ruwansa. Idan aka matse aka tace, an zubar da tuƙar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, kuma mutumin da ba zai iya cin mangwaro huɗu a zama ɗaya ba zai shanye ruwansu cikin minti ɗaya. Wannan ya fi shafar ku fiye da kowa, tun da sitiroyid yana iya barin sukarinku a sama ba ku sani ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci, tare da na zuma da na matsattsen ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ake samu daga abinci, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 a rana ga babba. Zoɓon da ake damawa a gidajenmu sau da yawa kofi biyu sun cinye wannan kaso. Ƙaramin kofi ɗaya a rana, kimanin mililita 150, tare da abinci, ba tare da ƙarin sukari ba, ya isa. Idan kuna da injin markaɗe, ku markaɗa gaba ɗaya ku sha da tuƙarsa. Idan babu, turmi mai tsabta ma yana yi: gwaba nunanniya a cire 'ya'yan a kirɓa, garin kuka a jiƙa shi ya narke, kankana kuwa ko cokali ya ishe ta. Da azumi, a fara da ruwa da dabino, ruwan 'ya'yan itacen ya biyo bayan abinci.

Zama a kan ruwan 'ya'yan itace kaɗai kuwa cutarwa ne kai tsaye. Fatar da ke saɓa kullum tana cin abinci mai gina jiki, kuma wannan babu shi a karas ko kankana. Yana cikin wake, da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da awara, da ƙwai, da nono, da nama, da kifin tafkin Madarunfa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi matsattsen ruwan ɗanyen zogale amfani ga mai wannan ciwo, ya kuma fi shi sauƙi a ciki. Kada ku haramta wa kanku ƙwai ko kifi ko nono don wani ya ce su ke tayar da ƙuraje, sai idan kun lura sau da sau cewa wani abinci takamaimai yana tayar muku, sannan ku faɗa wa likita.

Akwai 'yan abubuwan lura. Ƙaron ɓawon mangwaro yana sa wasu ƙaiƙayi a leɓe da hannu, don haka wani ya feraye muku. Yawan shan karas yakan mayar da tafin hannu rawaya, wanda ba shi da haɗari kuma yana bajewa idan an rage. Bambancinsa da shawara shi ne farin ido ba ya sauyawa. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, mai shan maganin hawan jini ya sanar da likitansa idan kullum yake sha. Saiwar zogale da ɓawonsa ba na sha ba ne, musamman ga mai ciki. Mai ciwon ƙoda kada ya fara shan kowane irin matsattsen ruwa sai da izinin likita.

Babban haɗarin abin sha na gida shi ne ruwan da aka dama shi da shi. Mutanen Madarunfa ba su manta da daminar 2018 ba, lokacin da kwalara ta ɓulla a gundumar a watan Yuli, ta yaɗu zuwa wasu yankuna, ta kama mutane fiye da 3,000 a ƙasar. Ruwan 'ya'yan itace ba a dafa shi, duk abin da ya shiga cikinsa daga hannu, ko wuƙa, ko rariya, ko ƙuda, zai wuce ciki da ransa, kuma wanda ya daɗe a kan sitiroyid garkuwarsa ba ta kai ta sauran mutane ba. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku fara, kuma idan hannunku ne ke tsattsafa, wani ya haɗa muku. A wanke 'ya'yan itacen kafin a yanka, ko da za a feraye. Ruwan damawa ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardarta. Ƙanƙarar da ba ku san da wane ruwa aka yi ta ba tana iya ɓata duk wannan ƙoƙari. Ku haɗa daidai abin da za a sha nan take, a rufe shi, domin a zafin bazara abin da ya yi sa'a ɗaya ko biyu a waje ya fara lalacewa, ko da ɗanɗanonsa bai sauya ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ko da fatarsa ta tashi bayan an daina shafa masa mai, nonon uwa kaɗai zai sha, ba ruwa, ba jiƙo, ba lemu. Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya a ba shi ɗan itacen a dame, kamar mangwaro ko ayaba, maimakon matsattsen ruwa. Fatar tasa kuwa a kai shi a duba a makon da aka daina, tare da bututun da aka shafa masa.